Likita ya yi nasa, saura namu

 Yau maganata a kan mutumin da aka yi wa aikin huhu ne, aka sallame shi, ya dawo gida. Irin wannan mutum ba shi da yawa a cikinmu, gaskiya ne. Amma idan ya dawo, sau da yawa mu ne muke ɓata aikin da likita ya gyara. Kuma da kyakkyawar niyya muke ɓatawa.

Ciwon daji, wanda wasu ke kira kansa ko sankara, tsiro ne da ke fitowa a cikin jiki, ya yi ta girma ba tsayawa. Idan ya kama huhu, sai tari ya ƙi ƙarewa, mutum ya rame, wani lokaci ya tofar da jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 2 da rabi ne suka kamu da shi a duniya. Ta ce cikin masu ciwon su 100, wajen 85 taba ce sanadinsu. Hayaƙin murhu ma yana da nasa laifin.

Allah ya yi wa ɗan Adam huhu biyu. Na dama kashi 3 ne, na hagu kashi 2. Idan an gano ciwon da wuri, likita yakan cire kashin da ya kamu, ya bar sauran. Wani lokaci huhu guda ake cirewa ɗungum. Kada wannan ya tsorata ku. A shekarar 1933, a ƙasar Amurka, wani likita mai suna Giraham ya cire wa wani mutum huhu guda saboda wannan ciwo. Sunan mutumin Gilmo, shi ma likita ne. Ya warke, ya koma bakin aikinsa, ya ƙara shekara 30 a duniya. Shi kuwa Giraham, da yake ya daɗe yana shan taba, ciwon dajin huhu ne ya zama ajalinsa a 1957. Wanda aka yi wa aiki ya riga ya ga jana'izar wanda ya yi masa.

Wannan aiki ba a yin shi a asibitin CSI na karkara. Sai manyan asibitoci, irin na Yamai, ko na ƙasashen waje. Daga Tasawa zuwa Yamai ya fi kilomita 700. A can ne kuma cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji take, wadda ta fara gasa ciwon da na'ura mai haske a shekarar 2021. Kafin talaka ya kai can, an sayar da sa, an sayar da tumaki, wataƙila an jinginar da gona. To, bayan duk wannan ɗawainiya, me muke yi idan ya dawo?

Mukan shimfiɗa masa tabarma a ƙuryar ɗaki. Mu rufe ƙofa da taga don kada iska ta taɓa shi. In lokacin ɗari ne, mu sa masa garwashi kusa da kai. Ya yunƙura zai tashi, mu ce: "Kwanta, Malam, ɗinki zai buɗe." Muna ganin tausayi ne. Ni a ganina cuta ce.

Huhu kamar zugazugin maƙeri yake. In ana zuga shi, yana buɗewa. In an jingine shi, sai ya manne. Mutumin da ya wuni a kwance, kaki yana taruwa a ƙirjinsa, daga nan sai zazzaɓi da sabon ciwon huhu. Jini kuma yana iya daskarewa a jijiyar ƙafarsa. Shi ya sa a asibiti, tun washegarin aiki ma'aikata suke tayar da majinyaci, su sa shi ya taka. Su da suka yanka ba su ji tsoron ɗinki ba. Mu me ya sa za mu ji?

Abin da ya kamata shi ne tafiya kullum, kaɗan-kaɗan. Yau daga ɗaki zuwa zaure. Bayan kwana biyu zuwa masallacin unguwa. Mako mai zuwa zuwa bakin rijiya, da sanyin safiya, wani yana biye da shi. In ya yi haki, ya tsaya ya huta, sannan ya ci gaba. Idan yana zaune, ya riƙa jan numfashi mai tsawo ta hanci, ya riƙe kaɗan, ya sake ta baki a hankali. Ya yi haka sau 5 zuwa 10 a kowace sa'a, in dai idonsa biyu. Tari zai yi masa zafi, amma kada ya danne shi. Ya rungume matashin kai a kan wurin ɗinkin, ya yi tarinsa, kakin ya fita. Hannun da ke ɓangaren aikin kuma ya riƙa ɗaga shi a jikin bango, don kada kafaɗa ta sandare.

Amma tafiya daban, noma daban. Mako 6 zuwa 8 na farko, babu ɗaukar dami, babu jan guga, babu hauya. Gajiya kuwa takan ɗauki watanni kafin ta sake shi. A nan ne matsalar manomi take, domin damina ba ta jiran mai ciwo. Yana kwance yana jin ruwa ya sauka, maƙwabta sun fita shuka, gonarsa tana nan fayau. Wannan tunani ya fi zafin ɗinki cin rai. Da yawa sukan saci jiki su tafi gona, su dawo da ciwo sabo.

Iyayenmu suna da maganin wannan: gayya. A yi shela, samari su fito da hauyoyinsu, a gama gonar mutum kafin azahar, a sha fura. Yanzu kowa ya koma ƙwadago, sai an biya. Ina kira ga masu gari da limamai da ƙungiyoyin manoma, su mai da gonar majinyaci aikin gari. Ranar gayyar kuma a tafi da shi. A shimfiɗa masa tabarma a gindin gawo, ya ga aikin da idonsa, ya ce a yi nan, a bar can. A ba shi zaɓen iri, a ba shi lissafin damman da suka shiga rumbu. Namiji da ya saba ciyar da gida, in aka nuna masa ba shi da sauran amfani, ko huhunsa ya warke zuciyarsa ba ta warke ba. Sai dai ya nisanci ƙurar sussuka, da feshin maganin ƙwari, da hayaƙin ƙona kara. Ranar da hazo ya sauka, ya rufe hanci da baki da rawaninsa.

In mace ce aka yi wa aikin, wahalar ta ninka. Kwana 10 ba su cika ba, za ka gan ta tana hura wuta, ko tana riƙe da taɓarya. Ba wanda ya tilasta ta da baki, amma ba wanda ya karɓe ta. Maigida, wannan naka ne. Ka nemo wadda za ta karɓi girki da daka da ɗibar ruwa har wata biyu. Kuma duk baƙon da ya zo dubiya ya zaro sigari, a nuna masa ƙofa. Tun 2006 ƙasarmu take da dokar yaƙi da taba. Ɗakin mai rabin huhu bai kamata ya jira doka ba.

Akwai wani abin da ya fi ba ni haushi: ware ƙwarya. Da an ji mutum yana tari, sai a ware masa kwano da moɗa, a hana jikokinsa zuwa kusa da shi. Tarin fuka ne yake yaɗuwa ta iska, shi ma yana da magani na wata 6. Ciwon daji ba a ɗaukarsa. Ba a ɗauka a kwano, ba a ɗauka a musabaha, ba a ɗauka a shimfiɗar aure. Ba jifa ba ne kuma, balle a ɗora wa kishiya ko ɗan'uba.

Mutumin da aka buɗe wa ƙirji yakan dawo da tsoro. Ya kasa barci. Ya yi tari sau ɗaya, ya ce ciwon ya dawo. Ya yi ta faɗa a kan abin da bai kai ba. Mu kuma sai mu ce "a yi haƙuri", mu shafa fatiha, mu tashi. Haƙuri gaskiya ne, amma a fara zama a saurare shi. Hawaye ba ya rushe tawakkali. Malamai su tuna masa cewa addini ya yarda ya yi salla a zaune, ya sha azumi ya rama in ya samu ƙarfi. In baƙin cikin ya wuce mako biyu, ya ƙi abinci, ya ƙi mutane, yana cewa gara mutuwa, to wannan ma ciwo ne. A faɗa wa likita.

Abinci ba sai an je nesa ba: wake, ƙwai, nono, ƙuli-ƙuli, awara, zogale, fara, nama in an samu. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana. Zafin haƙarƙari yana iya daɗewa watanni. Kada a saya masa tramol a hannun masu talla, kada wanzami ya sa masa ƙaho a wurin. A koma wa likita ya rubuta abin da ya dace.

Zazzaɓi, ko ruwa mai wari daga ɗinki, ko haki da ke ƙaruwa, ko tofar da jini, ko ƙafa ɗaya ta kumbura: waɗannan ba sa jiran ranar kasuwa. A nemi amalanke ko babur a kai shi CSI a ranar. Takardun da aka ba shi a asibiti a adana su cikin leda, a tafi da su ko'ina aka je.

Likita zai sa masa ranakun komawa, har na tsawon shekaru, domin ciwon yana iya dawowa ba tare da ya yi sallama ba. Nan ne da yawa suke yankewa, saboda kuɗin mota. Tun ranar da ya dawo gida, dangi su zauna su ware akuya ɗaya, a ce wannan ta komawa asibiti ce, ba ta suna ba ce, ba ta salla ba ce.