Gawa ta fi mai rai kasuwa: wane makaɗin jaz ya cancanci littafi?

A taron ƙungiyarmu na ƙarshen shekarar karatu an tada maganar ɗan kuɗin da ya rage cikin asusu, aka tsai da shawarar a sayo littattafai kaɗan na tarihin makaɗan jaz, a ajiye ma ɗaliban lise a ɗakin karatu. Da aka karanto sunayen da aka zaɓa, sai na ji Charlie Parker, da Billie Holiday, da Chet Baker. Na ɗaga hannu na tambaya ko ɗakin karatu za mu cika ko maƙabarta. Wani abokin aikina da nake ganin girmansa, wanda ya riga ni riƙe alli da shekara goma, ya amsa mini cewa waɗannan su ne masu rayuwar da ke da labari, sauran kuwa busa kawai suka yi har suka tsufa. Lokacin salla ya yi, taro ya watse, ban samu na mayar masa ba. Ga amsar a rubuce, ina kuma roƙon ya yafe mini kaifin alƙalami.

Parker ya rasu a 1955 yana da shekara 34, jikinsa ya lalace har likitan da ya duba gawar ya ɗauke shi ɗan hamsin da wani abu. Holiday ta rasu a 1959 tana da 44, bayan ƴan sanda sun kama ta tana kwance kan gadon asibiti. Baker ya faɗo daga tagar otel a Amstadam a 1988. Ba wanda ke gardamar gwanintarsu. Amma mai karatu ya lura, abin da ya haɗa ukun nan cikin jeri ɗaya ba kiɗa ba ne, domin kiɗansu bai yi kama da juna ba. Allura ce da kwalba da mummunan ƙarshe.

Mu da ke koyar da Faransanci mun san gidan da wannan ciwo ya fito. Tun da Verlaine ya fitar da littafinsa kan la'anannun mawaƙa a 1884, Turai ta kamu da son gwanin da ke ƙone kansa da kansa. Mu ma ba mu kuɓuta ba: sau nawa muke ɓata rabin darasi kan harsashin da Verlaine ya ɗirka ma Rimbaud a wuyan hannu, mu bar ma baitocin minti goma? Da jaz ta iso Paris, sai aka tarar da rigar ɗinkakkiya, aka zura ma baƙin mutumin Amurka. Ya zama yaro mai baiwa daga sama, wanda ba ya karatu, ba ya lissafi, wahala ce ke busa ta bakinsa. Fim ɗin da Bertrand Tavernier ya yi a 1986, wanda Dexter Gordon ya fito ciki, fim ne mai kyau, na kalle shi fiye da sau ɗaya. Duk da haka labarinsa shi ne na gwani mashayi da Bafaranshe mai tausayi ke rainonsa. Wa ya taɓa yin fim kan makaɗin da ya biya kuɗin makarantar ƴaƴansa?

Bari in tsaya kan Parker, domin a nan ne abin ya fi ƙona mini rai. Ranar 29 ga watan Yuli 1946, a Los Anjeles, aka shigar da shi ɗakin ɗaukar faifai ba shi da lafiya. Mai sayar masa da ƙwaya yana hannun hukuma, shi kuwa ya cika cikinsa da barasa don ya danne ciwon rashinta. Da ƙyar yake tsayuwa. A haka aka ɗauki busarsa ta waƙar Lover Man, numfashi yana yankewa. Daren nan ya birkice, aka kama shi, ya share wata shida a asibitin masu taɓin hankali na Kamarilo. Mai kamfanin faifan, Ross Russell, ya fitar da wannan ɗauka ya sayar, abin da Parker bai taɓa yafe masa ba. Kuma wannan Russell ɗin ne a 1973 ya rubuta Bird Lives!, littafin da duniya ta daɗe tana ɗauka a matsayin tarihin Parker, cike da hirarrakin da marubucin bai halarta ba, ya sa ma mutane magana a baki. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ya sayar da ciwon mutum yana raye, ya sake sayar da shi bayan ya mutu. Fim ɗin Clint Eastwood na 1988 ya bi sawu, duhu da ruwan sama da allura.

Abin da irin waɗannan ayyuka ke ratsawa da gudu shi ne wanda Parker ya faɗa da bakinsa a wata hirar rediyo da Paul Desmond a 1954: cewa yana saurayi ya yi shekara uku zuwa huɗu yana gwajin busa awa 11 zuwa 15 kowace rana, har maƙwabta suka nemi a tashe su daga unguwa. Ya kuma sha ƙaryata masu cewa ƙwaya na ƙara ma makaɗi gwaninta. Samarin da suka kwaikwayi allurarsa da fatan samun busarsa, da yawansu allurar kaɗai suka samu.

To, ƴan uwa malamai, wa za mu miƙa ma littafin? Yaron da ke zaune a bencin ƙarshe, wanda ya san inda ake sayar da taramol a bayan tasha fiye da yadda ya san hanyar ɗakin karatu. In ya karanta shafi ɗari uku na maye da shafi biyu na aiki, wane darasi muke zaton zai ɗauka? Ba ina cewa a ɓoye masa gaskiya ba. Ina cewa awa goma sha biyar ɗin nan ita ce gaskiyar da aka ɓoye.

Kuma ƙaryar ba ta tsaya ga Parker ba. Littafin da aka fitar da sunan Billie Holiday a 1956, wanda ɗan jarida William Dufty ya rubuta, ko garin haihuwarta bai faɗa daidai ba: ya ce Baltimo, takardu sun nuna Filadelfiya. An yi mata fim a 1972, an sake a 2021, duka biyu sun fi damuwa da jijiyar hannunta a kan yadda take jan kalma a bayan bugu, ta saki kiɗa ya wuce ta sannan ta kamo shi, dabarar da ta canza waƙar Amurka baki ɗaya. Bessie Smith kuma, shekaru aka yi ana cewa asibitin farar fata ne ya ƙi karɓarta bayan haɗarin mota a 1937 har jini ya ƙare mata. Edward Albee ya gina wasan kwaikwayo a kan haka. Sai a 1972 Chris Albertson ya bi shaidu ya nuna ba haka aka yi ba: asibitin baƙaƙe na Klaksdel aka kai ta, can ta cika. Wariyar launi a Misisifi ta 1937 ba ta buƙatar a ƙirƙira mata laifi, wanda ta aikata ya isa. Mai ƙara mata na ƙarya yana ba masu musun na gaskiyar makami ne.

Na san abin da abokina zai ce, kuma yana da hujja: ƙwaya da kurkuku suna cikin tarihin jaz, wanda ya share su ya yi ha'inci. Na yarda. Sai dai akwai mai ba da labarin rauni don a yi kallo, akwai mai nuna wuƙar da ta yi raunin. A Niyok, har zuwa 1967, makaɗi ba ya aiki a gidan da ake sayar da barasa sai da kati daga ƴan sanda. An ƙwace na Holiday a 1947. An ƙwace na Thelonious Monk a 1951, bayan an samu ƙwaya a motar da yake ciki tare da Bud Powell ya kuma ƙi ba da shaida a kan abokinsa; bai sake samun katin ba sai 1957. Shekara shida gwani yana zaune a ɗaki, matarsa Nellie tana ɗinki da ƙananan ayyuka tana ciyar da gida. Wannan mun san shi dalla-dalla ne saboda Robin Kelley ya ba da shekara 14 yana tono kafin ya fitar da tarihin Monk a 2009. Mutumin da jaridu suka mayar mahaukacin da bai san duniya ba, sai ga shi uba mai canza ma jariri tsumma, wanda ya yi karatun piyano tun yana yaro. Irin littafin da nake nufi ke nan. Ba ya wanke kowa, ba ya kuma cin kasuwa da gawa.

Yanzu ga waɗanda abokina ya ce busa kawai suka yi suka tsufa.

Melba Liston, an haife ta a Kansas Siti a 1926, ta ɗauki turombon tana da shekara bakwai. Ta busa cikin ƙungiyar Gerald Wilson, da ta Dizzy Gillespie, da ta Quincy Jones, sau da yawa ita kaɗai mace cikin motar maza, kuma a hirarrakin ƙarshen rayuwarta ta faɗi irin cin zarafin da ta sha a waɗannan tafiye-tafiye. Bayan wata zagayawa mai ɗaci a kudancin Amurka tare da Billie Holiday, ta ajiye ƙaho ta koma aikin ofis na ƴan shekaru. Babban aikinta shi ne tsara kiɗa, wato ta ɗauki karin da wani ya ƙaga ta raba ma kayan busa goma sha wani abu, kowa da layinsa, har su zama murya ɗaya. Ita ta tsara Uhuru Afrika na Randy Weston, faifan da aka ɗauka a Nuwamba 1960 don taya ƙasashen Afirka murnar samun mulkin kai, a shekarar da tamu ƙasar ta samu nata. Gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu ta haramta shi. Ta yi shekaru shida tana koyarwa a Jamaika daga 1973. A 1985 shanyewar ɓarin jiki ta raba ta da busa, sai ta koyi rubuta kiɗa da kwamfuta, ta ci gaba da tsara ma Weston har kusan rasuwarta a 1999. Faifai ɗaya tak ta fitar da sunanta. A 2014 aka yi ma yara ɗan littafi mai hotuna a kanta. Madalla da shi, amma a ɗora shi a sikeli da tulin abin da aka rubuta kan haƙoran Chet Baker da aka karya. Wace rayuwa ce a nan ba ta da labari?

Bahaushe bai kamata a yi masa dogon bayani kan wannan ba. Mun san waƙa ba ta tsayuwa sai da ƴan amshi da masu kalangu, mun kuma san sau nawa ake buga sunan uban kiɗa shi kaɗai a bayan kaset. Freddie Green ɗan amshin jaz ne. Ya shiga ƙungiyar Count Basie a 1937, yana cikinta har ya rasu a 1987, yana kaɗa gita bugu huɗu-huɗu, kusan bai taɓa fitowa gaba shi kaɗai ba. In ka cire shi, ginin ya zube. Sai da ɗansa ya tashi da kansa kafin a samu littafi a kansa a 2015. Mary Lou Williams ta fi su sa'a, an yi mata littattafai tun 1999, ita da ɗakinta na Harlem ya zama makarantar dare ga Monk da Powell, ta kuma kafa gidauniyar jinyar makaɗan da ƙwaya ta kayar. Ga wadda ta san allura ta wajen masu jinya. Me ya hana sunanta shiga jerinmu?

Na bar Yusef Lateef a ƙarshe domin shi bashinsa yana wuyanmu. An haife shi a 1920, ya girma a Ditroit, ya musulunta yana saurayi, ya rayu shekara 93. Yana cikin waɗanda suka busa a Uhuru Afrika. Ya shigo da kayan busa na Gabas cikin kiɗansa tun shekarun 1950, ya yi digirin dakta a fannin ilimi a 1975 da nazari kan tarbiyyar Musulunci da ta Yamma, daga baya ya daina wasa a gidajen barasa, har kalmar jaz ɗin ma ya ƙi ta, yana ganin raini a cikinta. Daga 1981 zuwa 1985 yana Zariya, a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana bincike kan sarewar Fulani. Shi da Ziky Kofoworola suka fitar da littafi da Ingilishi kan kiɗa da wasannin Hausawa a 1987. Ya ba da labarin kansa a wani littafi a 2006, amma mutum ba ya ganin ƙeyarsa, kuma labarin da baƙo ya bayar na zamansa a gari rabi ne, sauran rabin yana bakin masu masauki. Wa ya koya masa riƙon sarewa? Me makaɗan da ya zauna da su suka ji cikin busarsa, me suka ƙi? Marubucin Niyok ba zai iya yin waɗannan tambayoyi ba, domin ba ya jin Hausa ko Fulatanci. Mu muna ji.

Saboda haka ga abin da zan kai gaban taro mai zuwa. A bar Parker cikin jeri, amma a sayo faifansa maimakon littafin Russell, yara su ji abin da awa goma sha biyar ta haifa. A sa Monk na Kelley da Mary Lou Williams, ko da zai zama malaman Ingilishi ne za su riƙa taƙaita ma ɗalibai babi-babi. Jikkunan da suka rage kuwa a ware su kuɗin mota da na'urar ɗaukar murya. Daga Maraɗi zuwa Zariya tafiyar wuni ɗaya ce, kuma ɗaliban da suka zauna gaban Lateef a 1983 yau sun yi furfura. Na rubuta sunana cikin masu tafiya a hutun da ke tafe, na bar layi na biyu ga abokin aikina, tunda shi ne mai son rayuwar da ke da labari.