Tantin Rufaida da Wayoyin Hannunmu



Ya ku 'yan'uwana matasa, ranar Juma'a 28 ga Nuwamba, 2014, aka kai hari Babban Masallacin Kano, fiye da mutum 100 suka rasu. A Oktoban 2024 kuma tankar mai ta kama da wuta a Majiya, Jihar Jigawa, aka rasa sama da mutum 150. Allah Ya jiƙansu. Duk sanda na tuna waɗannan ranaku sai in tambayi kaina: da ina wurin, me zan iya yi wa wanda ke kwance gabana jina-jina?

Na bincika, na tarar ban san komai ba sai salati da ɗaga waya. Abin kunya ne, domin magabatanmu sun shirya wa irin wannan rana. A shekara ta 5 bayan Hijira, lokacin Yaƙin Khandaƙ, Rufaida al-Aslamiyya (RA) tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma can Manzon Allah (SAW) ya sa aka kai Sa'adu bin Mu'azu (RA). Tantin nan tanadi ne, kuma tanadi bai taɓa rushe tawakkali ba.

A fahimtata, koyon agajin gaggawa farilla ce ta kifaya, wadda idan unguwa duka ta bari, duka ta yi laifi. Zubar jini mai tsanani na kashe mutum cikin 'yan mintoci, kafin motar asibiti ta iso. Danne raunin da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, kada ka ɗaga. Wanda ya suma amma yana numfashi, kwantar da shi a gefensa. Ƙuna kuwa, ruwa mai sanyi za a yi ta zuba mata har minti 20, ba manja ko ɗanyen ƙwai ba. Idan masu rauni suka yi yawa, ma'aikatan lafiya kan fara da wanda numfashinsa ko jininsa ke tafiya, ko da wani ya fi shi ihu. Kada mu yi musu gardama, kada mu tare musu hanya.

Shawarata: kowane masallacin Juma'a ya tanadi akwatin agaji, ya nemi 'yan agaji ko ƙungiyar Red Cross su horar da matasansa, maza da mata. Ka san rukunin jininka, ka ba da jini tun ana zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya kiyaye mu, Ya sa a ceci rai ta hannunmu. Amin.

Wassalam.