Ina ruwanmu da ƙanƙarar Antaktika?

Jiya a ofis muna hirar azahar sai na kawo maganar A23a, wannan ƙaton tsaunin ƙanƙara da ya ɓalle daga Antaktika tun 1986, ya maƙale a ƙasan teku sama da shekara 30, sannan ya fara motsi a 2020. Abokin aikina ya yi dariya ya ce, "Malam, mu da zafi ke neman kashe mu, ina ruwanmu da ƙanƙara?" Na ce masa bari in ba ka amsa a rubuce.

Farko dai girman abin. Lokacin da A23a ke da cikakken girmansa ya kusa murabba'in kilomita 4,000, wato ya fi jihar Legas faɗi. Amma ɗan ɓalli ne kawai. Ita nahiyar tana da faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 14, kamar a jera Najeriya sau 15. Kaurin ƙanƙarar da ta lulluɓe ta kuwa kusan kilomita 2 ne a matsakaici. Masana sun ce da za ta narke duka, teku zai tashi da kusan mita 58. Ba gobe ba ne, ba kuma jibi ba, amma ai ba sai ta narke duka za mu ji a jikinmu ba.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Ƙanƙarar da ke yawo a kan ruwa in ta narke ba ta ƙara wa teku wani abin kirki. Jefa ƙanƙara a kofin zoɓo ka jira ta narke, ba zai zube ba. Matsalar ita ce ƙanƙarar da ke kan doron ƙasa, wadda ke gangarowa teku a hankali kamar kogi. Ta bakin teku ita ce ke tare ta kamar madatsar ruwa. In ta farfashe, ta baya sai ta ƙara gudu. Irin wannan kogin ƙanƙara guda ɗaya, mai suna Thwaites, in ya rushe gaba ɗaya zai iya ɗaga teku da santimita 65.

To ina ruwanmu? Kayan da muke saye a Kantin Kwari da Singa, da yawansu ta Apapa suka shigo. 'Yan uwanmu nawa ne ke neman abinci a Agege da Mile 12? Yanzu haka teku na cin garin Ayetoro a jihar Ondo. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yarjejeniyar Antaktika ta 1959, wadda ƙasashe 12 suka fara sa wa hannu. A duk Afirka, Afirka ta Kudu ce kaɗai a ciki. Ana tattauna makomar wurin da zai iya cinye mana gaɓar teku, mu ko kujera ba mu da ita.

Ni ra'ayina, Najeriya ta nemi shiga, ta tura masana ko da su biyu ne, a kuma koya wa yaranmu wannan a aji.

Ko kun ga na yi kuskure? Ina sauraronku.