Tarar tsaftar gari: a biya ko a kai ƙara?

Babu mai hankalin da zai yi jayayya a kan cewa garuruwanmu suna bukatar shara. Daminar 2024 ta isa shaida: ambaliyar ruwa ta hallaka mutane fiye da 300 a ƙasar Nijar, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda abin ya fi shafa, a Damagaram kuma tsohon masallacin ƙasa na Birni ya rushe. Ruwan ya yi yawa, haka ne, amma kowa ya san rabon da toshewar magudanai ta ɗauka cikin ɓarnar. Hanyar da mota ta kwana a kanta, aka girke tebur, aka jibge buhuna, ba ta sharuwa. Saboda haka hukumar gari tana da haƙƙin ta ce a kawar da abin hawa a rana kaza, ta kuma ci tarar wanda ya ƙi. Tambayarmu ita ce: wanda aka ci tararsa, ina kuɗinsa suke zuwa, kuma in yana ganin an zalunce shi, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

Bari mu duba yadda wasu suka tsara abin, domin mu san abin da muke nema. A birnin Niyok na ƙasar Amurka, tun shekarun 1950 ake bin wata ƙa'ida: ranar da motar shara za ta bi wani gefen titi, sai kowa ya ɗauke motarsa daga wannan gefen. An kafa alluna masu hoton tsintsiya, an rubuta rana da sa'a, galibi awa ɗaya da rabi. Wanda ya bar motarsa, tararsa dalar Amurka 65, wato sama da jikka 35 na kuɗin sefa. Ana ɗage ƙa'idar a ranakun bukukuwa da aka sanar tun farkon shekara, har da ƙaramar salla da babbar salla. Mai motar yana da kwana 30, ko ya biya ko ya nemi a saurare shi, ta wasiƙa, ta intanet, ko ya je da ƙafarsa. Wanda ke yanke hukunci wani alƙali ne daban da ma'aikacin da ya rubuta takardar. In ma'aikacin ya yi kuskure a lambar mota, ko ranar, ko wurin, tarar tana iya faɗuwa. Wanda ya yi shiru kuwa, kuɗin yana ta hawa, har in bashin ya taru a ɗaure ƙafar motarsa ko a janye ta.

Wannan birnin ya ba da wani darasi da ya kamata manyanmu su ji. Tsakanin 1997 da 2002, jami'an diflomasiyya da ke aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya sun tara takardun tara fiye da 150,000 ba su biya ba, bashin da ya haura dala miliyan 18, don sun san babu mai iya kai su kotu. A ƙarshen 2002 aka ba birnin ikon ƙwace lambar motar duk wanda ya ƙi biya, sai laifin ya kusa ɓacewa. Masana tattalin arziki biyu, Raymond Fisman da Edward Miguel, su ne suka bi diddigin wannan lissafi. Dokar da ke tsallake babba ta faɗa kan ƙarami ba ta daɗewa da kwarjini.

A Faransa, wadda daga gare ta muka gaji yawancin tsarin dokokinmu, tun ranar 1 ga Janairun 2018 aka miƙa wa hukumomin garuruwa sha'anin kuɗin ajiye mota. Mai ƙorafi yana da wata guda ya rubuta wa hukumar, in bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa wata kotu ta musamman da ke garin Limoj. Da farko an ce sai mutum ya biya kafin wannan kotun ta saurare shi. A watan Satumba na 2020 Majalisar Tsarin Mulkin ƙasar ta soke wannan sharaɗi, ta ce yana tauye haƙƙin ɗan ƙasa na zuwa gaban alƙali. A kan kuɗin ajiye mota kawai aka kai magana har can.

To mu fa? Dokoki ba su ne muka rasa ba. A watan Maris na 1993 aka kafa kundin dokokin tsaftar jama'a, a 2014 aka yi dokar hana leda, wadda kowa ke ganin sakamakonta a rassan itatuwa da cikin magudanai. Abin da mai taksi, da ɗan kabu-kabu, da ɗan kasuwar da ke sauke kaya a ƙofar kantinsa suke kuka da shi, shi ne rashin sanin tabbas. Sau da yawa babu allo, babu fenti a ƙasa, babu sanarwa a rediyo. Wurin da aka bar mutum ya tsaya jiya, yau ya zama laifi. Sai a karɓe takardun mota, ko a tura babur wurin tsarewa, sannan a shiga ciniki kamar ana sayen akuya. Wanda ya san wani babba, waya ɗaya ta ishe shi. Wanda bai san kowa ba ya lissafa: yinin da zai ɓata yana zarya tsakanin ofisoshi ya fi jikka biyu ko uku da ake nema a hannunsa, sai ya miƙa ya wuce, ba takarda, ba shaida.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan kasuwar da ya mai da rabin titi rumbunsa, da mai babbar motar da ya bar ta mako guda a bakin magudana, ba su da bakin kuka in an taɓa su. Haka nan wanda ya fara miƙa na goro tun ba a tambaye shi ba yana da hannu cikin lalacewar. Kowace jikka da ta shiga aljihu ba takarda, an hana ta shiga baitulmalin gari, wanda daga cikinsa ake biyan matan da ke fitowa da asuba da tsintsiya, ake sayen man motar kwasar shara. Ɗan kasuwa ya biya sau biyu ke nan: ya ba da a hanya, ya kuma ba da ranar da ruwa ya shiga kantinsa.

Dattawa suna tuna zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da samariya ke fita gayyar shara, kuma ba a cika samun mai ƙin fita ba. Amma tsoro ne ya riƙe wancan tsari, da tsoron ya tafi sai tsarin ya bi shi. Taron ƙasa na 1991 ya yi alkawarin mulkin doka, zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004 ya ba garuruwa majalisu da kasafin kansu. A watan Afrilun 2024 aka rusa waɗannan majalisu aka naɗa kantomomi a madadinsu. Duk lokacin da babu kansilan unguwa da talaka zai kai wa kuka, nauyin da ke kan mai riƙe da gari na bayyana abin da ya karɓa da abin da ya kashe ya ninka.

Abin da muke kira a yi bai fi ƙarfin kowace hukumar gari ba, daga Yamai har Tawa. A kafa allo a kowane titin da za a share, da Faransanci da harsunan ƙasa, a faɗi rana da sa'a, a maimaita a gidajen rediyo. A manna jerin laifuffuka da kuɗin kowanne a ƙofar ofishin magajin gari, a tashoshi da kasuwanni. Kowace tara ta zo da takarda mai lamba, mai sunan ma'aikacin da ya rubuta ta, a kuma biya ta a wurin mai karɓar kuɗin gari, ba a bakin hanya ba. A ba mutum wa'adi, ko kwana 30 ne, ya kai ƙorafinsa gaban wanda ba shi ne ya kama shi ba, kuma kada a riƙe abin neman abincinsa kafin a saurare shi. Motar gwamnati da ta babban mutum su ɗauki takarda iri ɗaya da ta mai taksi. A ƙarshen kowane wata uku, hukuma ta faɗi nawa ta tara, titi nawa aka share, magudana nawa aka yashe. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ga masu karatunmu kuwa, ƴan kasuwa da ma'aikata, shawararmu ita ce: in kun yi laifi, ku biya, amma ku nemi takarda, ku adana ta. In kuna da gaskiya, ku rubuta rana da sa'a da wurin, ku ɗauki hoto da wayarku, ku nemi shaidu, ku kai ƙorafi a rubuce, ku riƙe kwafi. Mutum ɗaya yana iya gajiya, amma ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi suna da ƙarfin da za su tattara irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe su zauna da mahukunta a kansu. Ma'aikacin da ke bayan tebur shi ma ya tuna cewa gobe yana iya zama shi ne a gaban teburin.

Damina ba ta ɗage ranarta don kowa. A yashe magudanai tun rani, a kafa allunan, a buga takardun, sannan a ci tarar duk wanda ya ƙi ji.