Marubuci Ba Maroƙin Kamfanin Jari Ba Ne

'Yan'uwa marubuta, na gaji da rubutun da ke yi wa asusun haɗakar jari kirari saboda ribar bara. A 2020 asusun ARK Innovation na Cathie Wood a Amurka ya yi ribar wajen kashi 150 cikin ɗari. Jama'a suka yi tururuwa da kuɗinsu. A 2022 ya faɗi da kashi 67, waɗanda suka shigo a makare suka kwana ciki. Kamfanoni kuma sukan haɗe asusun da ya gaza da wani, tarihin asararsa ya ɓace daga talla. Kafin ka yabi asusu, binciki ladan da manaja ke cira duk shekara, da sakamakon shekara 10. Wani zai zuba kuɗin fanshonsa saboda alƙalaminka.