Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Jama'a, bari mu faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci. A ƙasar nan tamu, duk ranar da kuɗin gwamnati suka ɓace, mutum biyu ake fara nema: wanda ke riƙe da mabuɗin asusu, da wanda ya tsaya masa. Na ukun, wanda ya aiko da ƴar takarda aka ɗibar masa, ko sunansa ba a ambata.

Na san wani dattijo mai sayar da hatsi a wani gari na jihar Maraɗi. Ɗan ƙanensa ya sami aikin karɓar kuɗin tikitin kasuwa, aka ce sai ya kawo mai tsaya masa. Dattijo ya dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta masa ba, shi a zatonsa shaidar halin kirki ce ya bayar. Da masu bincike suka zo, sai aka tarar da giɓi. Yaro ya buɗe akwati ya zube musu guntayen takardu: wannan ta man motar tarbar baƙo ce, wannan ta rumfuna da kujerun taron jam'iyya, wannan kuwa aro ne wani babba ya yi, wai zai biya ƙarshen wata. Babu mai sa hannu a cikinsu ko guda. Yaro ya kwana gidan kaso, dattijo ya sayar da shagonsa. Waɗanda suka ci kuɗin har jaje suka zo yi masa.

Kada mai karatu ya zaci ina neman a sakar wa masu karɓar haraji linzami. Ko kusa! Ƙa'idar da muka gada daga Faransa, wadda dokar UEMOA ta 2009 kan lissafin kuɗin gwamnati ta sake jaddadawa, ƙa'ida ce ta hankali. Ta raba aiki gida biyu: mai ba da umurnin kashe kuɗi daban, mai riƙe kuɗi daban, ba a haɗa su a hannu guda. Mai riƙe kuɗi, na baitulmali ne, na duwan ne ko na lanho, sai ya yi rantsuwa, ya kuma ajiye lamuni, kafin a damƙa masa mabuɗi. In dala ɗaya ta ɓace, daga aljihunsa zai biya. In ya yi sakaci da bin bashin patanti har lokacinsa ya wuce, shi zai biya. Ba a mayar masa da lamuninsa sai alƙalan binciken kuɗi sun wanke shi, ko da ya bar aiki. In ya rasu da bashin, a cikin gadonsa za a nema. Wannan daidai ne, domin kuɗin da mai tallar goro da mai amalanke suka biya gumi ne.

Amma dokar nan ba ƙafa ɗaya gare ta ba, mu ne muka karya ɗayar. Ta ce idan mai riƙe kuɗi ya ƙi biya saboda takardu ba su cika ba, mai umurni yana iya tilasta shi, amma a rubuce, da sa hannunsa, kuma daga nan alhakin ya koma wuyansa. To, babba nawa kuka taɓa gani ya rubuta irin wannan takarda? Sai dai ta salula, ko ta bakin direba. Ta kuma ce duk wanda ya tsoma hannu cikin kuɗin gwamnati ba da izini ba, za a ɗauke shi tamkar mai riƙe kuɗi, ya yi lissafi, ya biya. Shugaban jam'iyya nawa aka taɓa kira ya yi wannan lissafi? Sannan ta ba ministan kuɗi ikon yafe wa wanda giɓi ya hau kansa. Wa ake yafe wa? Mai gaskiya, ko mai ubangida?

Ba kwamitoci muka rasa ba. Babban Taron Ƙasa na 1991 ya kafa na binciken laifuffuka da cin amanar ƙasa. An kafa HALCIA a 2011, aka kafa COLDEFF a 2023. A 2006 mun ga tsofaffin ministoci biyu sun shiga kaso kan badaƙalar MEBA, ta kuɗin ilimin ƴaƴanmu, muka ce gari ya waye. Sai ga shi a 2020 binciken ma'aikatar tsaro ya ambaci wajen miliyar 76 na sefa. Ku gaya mini, tikitin kasuwa nawa za a sace kafin a kai wannan adadi? Kuma wane dattijo ne ya tsaya wa waɗanda suka rattaba hannu a kan waɗancan kwangiloli? Babu. Ƙarami ne kawai ke kawo mai lamuni. Babba rantsuwarsa ta ishe shi.

Ita kanta Faransa ta canza tsarin tun 1 ga Janairun 2023: ta haɗa masu umurni da masu riƙe kuɗi a gaban kotu guda, ko da yake ita ma ta bar ministoci a waje. Ba na cewa mu kwaikwaye ta. A ƙasar da haraji ke yawo hannu da hannu, sauke wa mai karɓa alhaki tamkar ba kura ajiyar nama ne. Abin da nake cewa shi ne a ɗaure kowa da igiya guda.

Don haka ga abu uku. A wajabta wa masu bincike su bi kowace guntuwar takarda har ƙofar wanda ya aiko ta. A buga sunan duk wanda minista ya yafe wa, da adadin, da dalilin. A kafa asusun lamuni na haɗin gwiwar ma'aikatan kuɗi, irin wanda takwarorinsu na Faransa suka kafa tun 1908, domin a daina jinginar da shagon baffa.

Ku kuma ƴan kasuwa, ku yi hattara. A dokar OHADA kan lamuni, wadda Nijar ke ciki, mai tsayawa sai ya rubuta iyakar kuɗin da ya lamunta da hannunsa, da baƙi da lamba. Wanda bai iya rubutu ba sai da shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa abin da ya ɗauka. Kuma in takarda ba ta faɗi akasin haka ba, ana iya binka bashin tamkar kai ka ci. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, balle kai da ko ladan ba ka gani ba.

Kai kuma ɗan'uwa mai riƙe da mabuɗi, in babba ya aiko, ka miƙa masa alƙalami cikin ladabi, ka ce: ranka ya daɗe, a rubuta. In ya fusata, iyakarta ya tura ka Bilma. Gara zafin Bilma da albashinka, da sanyin gidan kaso da kukan baffanka.