Bashin waya: kotu ke yanke hukunci, ba mai barazana ba

Daga Briqueterie zuwa kasuwar Mokolo a Yawunde, ƙaramin ɗan kasuwa kan ci bashi ta manhajar waya don cike jari. Idan biya ya makara, sai a shiga kiran 'yan uwansa, ana barazanar yaɗa hotonsa. Wannan ba hanyar doka ba ce.

Kamaru na bin dokar OHADA ta karɓar bashi, wadda aka sabunta a 2023. Mai bin bashi zai nemi umarnin biya daga kotu, ma'aikacin shari'a da ake kira huissier ya kai wa wanda ake bi. Daga nan yana da kwana 10 ya ƙalubalanci umarnin. Alƙali kuma na iya ɗaga masa ƙafa har shekara ɗaya, bisa halin da yake ciki.

Amma gudu ba mafita ba ne. Dokar Kamaru ta 24 ga Disamba 2019 ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 ga wanda ya ƙi biyan banki ko ƙaramar cibiyar lamuni da gangan.

Saboda haka a bincika ko mai ba da rancen yana da lasisi ƙarƙashin kulawar COBAC, a adana saƙonnin barazana da shaidar kowane biya, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar ANTIC. Bashi hanji ne, amma mutuncin mutum ba jingina ba ne.